Baba Gola da Masu Koyon Tafiya

Kafin masu shaguna su buɗe, kafin iyaye su fara turo yara makaranta, akwai wani dattijo da za ka tarar a filin ƙwallon da ke bayan firamaren unguwarmu. Za ka gan shi a sunkuye yana tsintar duwatsu da fasassun kwalabe, yana zubawa a wani tsohon bokitin fenti. Idan ya gama, sai ya nufi wasu bututun ƙarfe guda biyu da aka kafa a jere a gindin katanga, tsayinsu daidai ƙugun mutum. Ya kama kowanne ya jijjiga da iya ƙarfinsa, in ya ji wani ya yi motsi ya ciro sifana daga aljihu ya ɗaure. Daga nan ya fito da kujerun roba daga ɗakin maigadi, ya goge su, ya jera a inuwa. Sannan ya hau babur ya koma gida ya ɗauko matarsa.

Wannan shi ne Baba Gola. Ma'aikacin gidan ruwa ne, aikinsa gyaran bututu, kuma a makon jiya ya yi ritaya. Ban ga hotonsa a jarida ba, ban ji an ambace shi a rediyo ba, shi ya sa na ga ya kamata wani daga cikin waɗanda suka ci moriyarsa ya buɗe baki, tun yana raye yana ji.

Sunan Gola ya bi shi tun yana saurayi, domin mai tsaron raga ne. Bai taɓa buga wa wata babbar ƙungiya ba. Daga ƙungiyar makaranta sai ta unguwa, daga ta unguwa sai ta ma'aikata, da furfura ta fito kuma ya koma ƙungiyar tsofaffin 'yan wasa masu bugawa duk ranar hutu. Idan ka ba shi hannu za ka ji yatsunsa biyu a karkace, duk aikin ƙwallo ne. Mutum ne da ko a kan babur yake, in ya hango yara suna buga ƙwallon tsumma a lungu, sai ya rage gudu ya ga yadda harin zai ƙare.

A gidansa ma kowa da matsayinsa. Matarsa, wadda tela ce mai shago a ƙofar gida, Kyaftin yake ce mata, wai don ita ke riƙe da ƙungiyar. Babbar 'yarsu kuwa Rafali, saboda tun tana ƙarama ita ke raba rigimar ƙannenta, kuma ba ta saurara wa kowa. Sunayen nan sun bi su har yau, 'yan unguwa da yawa ba su san na gaskiyar ba. Maƙwabta sun shaide shi da cewa in ya dawo daga wasa ranar hutu, ko takalmi bai cire ba zai jawo baho ya zauna wankin kayan makarantar yara, don Kyaftin ta samu ta ƙarasa ɗinkin mutane. Abokansa sun yi masa tsiya har sun gaji. Abin da yake ce musu kullum shi ne, hannun da ya saba da taɓo ba ya tsoron sabulu.

Haka rayuwa ke tafiya har wata rana da hantsi, Kyaftin na zaune a kan keken ɗinki, almakashi ya suɓuce daga hannunta. Ta sunkuya za ta ɗauka, hannun ya ƙi. Matar da ta kawo ɗinki ce ta ga bakinta ya karkace, ta kira mutane. A asibiti aka ce hawan jini ne ya buge ta. Allah Ya yi da sauran kwana, ta rayu, amma ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ma sai an kasa kunne sosai ake gane abin da take faɗa.

Kafin a sallame su aka haɗa su da likitar gashi, wato mai koya wa gaɓoɓi motsi bayan irin wannan ciwo. Yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Rafali ba. Ta gaya masa gaskiya cewa marasa lafiya sun yi musu yawa, ba za ta riƙa ganin matarsa yadda ya kamata ba, mafi yawan aikin a gida za a yi shi.

Ya ce mata, "To likita, ki ɗauke ni kamar yaron da aka kawo miki koyon sana'a. Abin da kika ce in yi zan yi, abin da kika hana ba zan taɓa ba."

Ta nuna masa. Ya tsaya ta ɓangaren da ya shanye. Ya ɗaura mata ɗamara a ƙugu ya riƙe ta nan, kada ya kuskura ya ja hannun da ba ya motsi. Ta nuna masa yadda ake tayar da ita daga kujera, da yadda ake sa ta dogara a kan ƙafar da ba ta yarda da ita ba. Duk ranar da aka ba su ya koma da tambayoyi, har likitar ta fara yi masa dariya tana cewa ɗalibinta ya iso.

Gidansu ƙarami ne, daga gado zuwa ƙofa babu wurin da mutum zai miƙe ƙafa. Sai ya je wurin shugaban makarantar firamare ya roƙi a ara masa gindin katangar fili da sassafe. Ya je wurin ogansa ya nemi izinin ɗaukar wasu tsofaffin bututu da aka cire aka jingine. Abokan wasansa suka zo da diga da shebur, suka haƙa, suka zuba siminti. Likitar gashi ta zo da kanta wata ranar hutu, ta duba tsayin, ta sa aka rage kaɗan.

Sai dai wadda aka yi dominta ta ce ba za ta je ba. Mace ce da ta saba ita ke yi wa mutane, ita ke auna su, ita ke gaya musu abin da ya dace da jikinsu. Da ƙyar ta haɗa kalmomin, ta ce masa ba za ta fita yara su tsaya suna kallonta tana jan ƙafa ba.

Ya zauna a bakin gado ya ce, "Kyaftin, ni fa an taɓa zura min ƙwallaye har na daina ƙirgawa, a gaban duk mutanen unguwa, ke ma kina wurin. Washegari ban fito ba?"

Ta ce, "Kai ai ba ka da kunya."

Ya ce, "To ara miki zan yi. In kin warke ki mayar min."

Ta yi dariya da rabin bakinta, dariyar farko tun da ta kwanta. Ba ranar ta yarda ba, amma daga ranar ta daina juya masa baya in ya ɗauko maganar.

A daidai lokacin nan ne ƙungiyar tsofaffi ta kai wasan ƙarshe na gasar da suka daɗe suna nema ba su samu ba. Tun da Kyaftin ta kwanta bai ƙara zuwa wasa ba, domin ranar hutu ce kaɗai yake da cikakken yini tare da ita. Abokansa suka yi gayya suka zo gida. Mai horar da su, wani tsohon kafinta, ya ce, "Gola, wasa ɗaya ne. Yaran nan ba za su iya zama da ita na yini ɗaya ba? Wa zai tsare mana raga?"

Ya ce, "Ku yi haƙuri. Jiya ta ce min ranar za ta fara fita. In na ɗaga mata, ban san yaushe za ta sake yarda ba."

Suka tafi ba da daɗin rai ba. Aka buga wasan ba shi, aka ci su. Shi kuwa a ranar yana gindin katanga, hannunsa a ɗamarar matarsa, ita kuma ta ƙanƙame bututu da hannun hagu, gumi na zuba, ƙafar dama ta ƙi ɗaguwa daga ƙasa. Mai shayin da ke bakin fili ya gaya min cewa ranar ko taku ɗaya ba ta yi ba, tsayuwa kawai ta yi. Amma da ya zaunar da ita, sai ya shiga tafa mata kamar wadda ta ci kofi, har ta harare shi.

Daga nan suka ɗora. Kullum da safe kafin ya tafi aiki, ya goya ta a babur, ɗansu na biye da su yana tallafe da ita, su yi abin da ya samu, ya mayar da ita gida, ya yi mata wanka, ya haɗa mata shayi, sannan ya ɗauki jakar kayan aiki. A hankali ƙafar ta fara jan ƙasa, daga baya ta fara ɗaguwa.

Abin da ya kusa rusa komai ya faru ne wata safiya da wasu samari suka yi sammakon atisaye a ɗaya gefen filin. Wani ya buga ƙwallo da ƙarfi, ta taso kai tsaye ta nufo fuskar Kyaftin. Baba Gola bai yi tunani ba, jikin da ya yi shekaru yana tare ƙwallo shi ya yi aikinsa. Ya saki ɗamara ya doke ƙwallon. Ƙwallo ba ta same ta ba, amma ƙafarta ta lanƙwashe, ta faɗi, goshinta ya bugi ƙarfe ya fashe.

A asibiti aka yi mata ɗinki, aka duba, aka ce babu karaya. Rafali, wadda a lokacin ta yi aure tana koyarwa a wata makaranta, ta iso ranta a ɓace. A gaban ƙannenta ta ce, "Baba, Mama ba 'yar wasanka ba ce. Ciwon da take fama da shi bai isa ba, sai an ƙara mata da wani? Ku bar ta ta huta. Gidana zan tafi da ita."

Bai yi musu da ita ba. Ya ce, "Laifina ne, ni na sake ta." Shi da kansa ya haɗa kayanta ya sa a mota.

Washegari ya tafi wurin likitar gashi ya gaya mata duk yadda aka yi, bai rage komai ba. Ya tambaye ta ko ya kamata ya haƙura. Ta ce masa faɗuwa abin gudu ce ƙwarai, kuma daga yanzu kada ya sake tsayar da ita sai da mutum biyu, ɗaya a kowane gefe, kuma a tabbatar babu mai wasa a kusa. Amma ta ce zaman wuri ɗaya shi ma yana da nasa haɗarin, abin da aka samu zai iya komawa.

Bai kai wa Rafali wannan magana don ya ci ta da hujja ba. Abin da ya yi shi ne, duk yamma in ya tashi aiki sai ya wuce gidan 'yarsa, ya gaisa da surukinsa, ya shiga ya zauna kusa da matarsa, ya murza mata hannu da ƙafa yadda aka koya masa, ya ba ta labarin unguwa, ya tashi ya tafi. Da safe kuma bai fasa zuwa fili ba. Mai shayi ya tambaye shi me yake gyarawa tunda babu mai zuwa. Ya ce, "Za ta dawo. Ba na so ta zo ta tarar da wurin ya lalace."

Rafali ce ta ba ni ƙarshen labarin da bakinta. Ta ce ta lura mahaifiyarta ta fara komawa baya. Tashi daga kujera da take yi da ɗan taimako ya koma sai an ɗaga ta. Wata yamma Baba ya miƙe zai tafi, sai Mama ta kama gefen rigarsa da hannun hagu ta ce, "Gola, gobe ka zo da babur."

Rafali ta ce, "Mama, kin manta abin da ya faru?"

Ta ce, "Goshina ne. Ni na faɗi. Ni zan koma."

Rafali ta ce ɗaki ta shiga ta yi kukanta. Washegari da ya zo da babur, ya tarar da ita a shirye da takalmin roba. Ta ce masa, "Mama ta gaya min likita ta ce mutum biyu ake so. Ni ce ta biyun. Kuma in na ce a tsaya, a tsaya."

Ya ce, "Ai dama ke ce rafali."

Haka uba da 'ya suka sa ta a tsakiya, watanni suna tafiya. Ranar da Kyaftin ta kai ƙarshen bututu ba ta juya ba, ta miƙa hannu a ba ta sanda, ta ci gaba da takawa a fili tsagwaronsa har ta dafa ƙarfen raga, mai shayi ya ce ya bar ruwa yana tafasa ya fito kallo. Ya ce Baba Gola bai tafa ba a ranar. Zama ya yi a ƙasa, ya rufe fuska da hularsa.

Ba zan ƙara gishiri ba. Hannun dama bai dawo ba har yau, kuma Kyaftin ba ta ƙara hawa keken ɗinki ba. Amma tana tafiya da sandarta, tana shiga banɗaki da kanta, tana zama a shagonta tana duba aikin waɗanda ta koya wa, kuma in ɗinki ya karkace tun daga ƙofa take hangowa.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce mutum ne da ya riƙe amanar iyalinsa, in yi masa addu'a in yi shiru. Amma mutane sun gani. Wata mata ta kawo mahaifinta, wani ya kawo ƙanwarsa. Baba Gola bai kori kowa ba, sai dai ya kafa sharaɗi. Duk wanda zai zo sai ya fara zuwa asibiti an duba shi, likita ta ce ya iya fara motsi, kuma sai yana shan maganinsa. Kowa kuma sai ya zo da nasa mutum, domin ba ajiye marasa lafiya ake yi a tafi ba. In wani ya kira shi likita, sai ya ɗaga sifana ya ce, "Ni mai gyaran famfo ne. Likita tana asibiti." Ko sisin kowa bai taɓa karɓa ba. Abokan wasansa da suka yi fushi da shi a baya, su ne yanzu ke karɓa-karɓa wajen riƙe mutane, har da tsohon kafintan nan, wanda ya ƙera musu benci da ɗan matakalar koyon hawa.

Ta nan ne hanyarmu ta haɗu da tasa. Yayana direban babbar mota ne, ƙato, mai fara'a, mai son musun ƙwallo kamar ransa. Ciwon ya same shi yana tsaka da ƙarfinsa. Da aka dawo da shi gida sai ya juya fuska ga bango. Ba ya son baƙi, ba ya son a buɗe taga, matarsa ta yi lallashi har ta gaji, ni ma na yi. Wata maƙwabciya ce ta ce mu gwada gaya wa Baba Gola.

Ya zo da yamma da ɗan rediyonsa a hannu. Na zaci wa'azin haƙuri zai yi, irin wanda Yaya ya ƙoshi da shi. Sai kawai ya yi sallama, ya ce sannu, ya jawo kujera ya kunna sharhin wasanni. Tun a ƙofa ya riga ya tambaye ni ƙungiyar da Yaya ke goya wa baya. Can sai ya dube ni ya ce, da ƙarfi yadda na kan gado zai ji, "Ni fa ƙungiyar nan tausayi take ba ni. 'Yan bayansu kamar an jera buhuna, golansu kuma ko kaza aka jefa masa sai ta wuce."

Ya ƙara da cewa bai ga abin da zai hana su faɗawa rukunin ƙasa bana ba.

Sai muka ji gado ya yi ƙara. Yaya ya juyo da ƙyar, idonsa ja, ya ce, "Malam, wa ya kawo ka gidana?"

Baba ya ce, "Ƙafata. Ƙarya na faɗa?"

Yaya ya shiga kare ƙungiyarsa, kalmomi na sarƙe masa, yana nuni da hannun da ke aiki. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi, don rabonta da jin doguwar magana daga bakinsa tun kafin ciwon. Baba ya bar shi ya yi har ya gaji, sannan ya kashe rediyo ya ce, "Ƙanena, mai wannan ƙarfin musu bai kamata ya ƙare a gado ba. Ka je likita ta duba ka. In ta yarda, ka same ni a fili mu ƙarasa maganar, don ban gama da golan nan naku ba."

Yaya ya ce zai zo ne kawai don ya rufe masa baki. Yau Yaya yana tafiya ba sanda, ko da yake yana ɗan ɗingishi. Bai koma tuƙi ba, amma yana aiki a tasha, shi ke tsara fitar motoci. Har yanzu ba su gama musun ba.

Ba kowa ne ya tashi ba, kuma Baba bai taɓa yi wa kowa alkawarin tashi ba. Akwai wani tsohon malamin makaranta da aka daɗe ana kawowa, bai taɓa iya sakin bututu ba har Allah Ya karɓi ransa. Na tambayi Baba ko bai ji kamar wahalar banza aka yi ba. Ya ce in tambayi ɗan marigayin. Ɗan ya ce min mahaifinsu tun asuba yake sa a ɗauko masa rigar fita, kuma a duk tsawon jinyar, filin nan ne kaɗai wurin da suke jin dariyarsa.

Baba Gola, bari in juyo gare ka, ko da yake na san in aka karanta maka wannan za ka ce na cika surutu. Kai ne ka bar wasan da ka fi so a ranar da aka fi bukatarka, don matarka ta ce ranar za ta gwada tsayuwa. Kai ne 'yarka ta ɗaga maka murya a gaban ƙannenta, ka haɗiye, ka amsa laifinka, kuma ba ka fasa ba. Kai ne ka shiga ɗakunan da dangin majinyatan ma suka fara gudu saboda nauyin zama a cikinsu. Gola mai hannun ƙarfe, wanda ya fi kowa sanin cewa hannu ɗaya ba ya isa, ya je ya koya, ya kira wasu. Ba ka da asibiti, ba ka da ofis, amma akwai gidaje a unguwar nan da in an ji ƙarar babur ɗinka ake buɗe taga.

Yanzu gwiwoyinsa sun fara ba shi matsala, tsohon ciwon faɗuwa a raga ne ya taso. In zai tashi daga tsuguno sai ya dafa wani abu. A wajen ɗan taron sallamar da abokan aikinsa suka yi masa, ogansa ya ce to yanzu sai hutu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da ina tashi daga fili da wuri saboda ku. Yanzu babu mai kora ta." 'Ya'yansa sun matsa sai ya je an duba gwiwar, ya yarda, amma sai da ya tabbatar akwai mutum uku da suka iya riƙo da tayarwa yadda likita ta koyar, waɗanda za su tsaya in an kwantar da shi.

Washegarin ritayarsa na je filin. Wasu na riƙe da bututu, wasu na kan benci suna jiran layi, ana ta tsokanar juna. Sai wata mota ta tsaya a bakin fili. Wata matashiya ta fito ta zagaya ta buɗe ƙofar baya, ta daɗe tana magana da wanda ke ciki, bai fito ba. Ta zo wurin Baba idonta ya ciko, ta ce mijinta ne, sana'ar aski yake yi kafin ciwon, likita ta ce ya fara fita, ya yarda a gida, amma da ya ga mutane ya ce a mayar da shi.

Baba ya dafa kujera zai miƙe, sai Kyaftin ta ɗora sandarta a kan gwiwarsa ta ce, "Zauna. Wannan nawa ne."

Ta tashi da kanta. Ta taka a hankali, tana jan ƙafar dama kaɗan, hannunta a lanƙwashe a ƙirji, duk filin na kallonta, ba ta damu ba. Da ta isa motar ta sunkuya ta ce, "Ɗana, kalle ni da kyau. Ni ma a wurin nan na ce a mayar da ni gida. Ba sai ka yi tafiya yau ba. Fito ka zauna kusa da ni, mu yi gulmar masu tafiyar."

Aka ɗan jima, sannan muka ga ƙafa ɗaya ta sauko ƙasa. Mutum biyu suka matsa, ɗaya a kowane gefe.

Mun gode, Baba Gola. Mun gode, Mama Kyaftin, da Rafali, da tsofaffin 'yan wasan da ke sammako ba don kofi ba. Allah Ya ba gwiwar nan lafiya, Ya saka muku da abin da ya fi wanda kuka yi mana.

Ku kuma da kuke karantawa, ba sai kun iya kafa bututu ba. A layinku akwai gidan da wani ke kwance a ɗakin baya, an daina jin muryarsa, mutane sun daina tambaya don kada su fama wa iyalinsa ciwo. Ku tambaya. Ku taimaka a kai shi asibiti, ku koyi yadda ake riƙe shi, ku karɓi matarsa ko 'yarsa na ɗan lokaci ta samu ta numfasa. In duk wannan ya fi ƙarfinku, ku shiga ku jawo kujera ku zauna, kuma gobe ku koma.